Bazarar da Baba Ya Sauka Rijiya

Bazarar bana ta shigo da ƙarfinta. Tun hantsi kwanon rufin ɗakin da muke karɓar marasa lafiya yake fara ƙara kamar ana taka shi, kuma duk wanda ya shigo sai ya zauna ya huta kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Ina aikin jinya ne a wata ƙaramar likita kusa da Madawa. Jiya da azahar wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya a bakin titi shaƙe da buhunan albasa, warinta ya biyo ta taga ya cika mini hanci. Na tsaya da audiga a hannu, na manta abin da zan yi da ita. Warin ya mayar da ni shekara goma sha shida baya, ya ajiye ni a garkarmu, lambun albasarmu na kwarin Majiya, ina 'yar shekara goma, ƙafafuna cikin laka.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ta yaudare mu. Ruwan fari ya sauka da kyau, aka yi shuka, aka yi noman farko ana waƙa. Daidai lokacin da hatsi ya yi ciki, sai sama ta bushe. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga wajen Buza, baƙi ƙirin, mu fito mu tsaya muna kallonsa, iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Damman da muka ɗaure a kakar nan ba su rufe ƙasan rumbu ba.

Kafin sanyi ya shigo maza sun fara ɗaure jaka. A ƙasarmu ta Adar wannan ba sabon abu ba ne, in gona ta ƙi sai a tafi biɗa. Yayyena biyu suka bi motar farko zuwa Abijan. Gari ya koma na mata da tsofaffi da yara, har liman yakan juyo ya ƙirga sahu da ido kafin ya ta da salla. Baba ya tsaya saboda garka. Na ji shi da kunnena yana gaya wa Inna, ranar da aka dasa albasa:

"In ta yi, ina nan. In ba ta yi ba, kamiyon da za ta kwashi ta mutane, da ni za ta tahi."

Ni ce auta. Baba ya taɓa yin irin wannan tafiya ina ƙarama, ya shekara uku. Ranar da ya dawo na ɓuya bayan zanen Inna ina tambayar wane baƙo ne wannan. An daɗe ana yi mini dariya a kan haka, amma ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Don haka tun daga ranar dashe nake duban kowane fangalin albasa kamar igiya ce da ta ɗaure Baba a gida.

Kwanakin suna tafiya iri ɗaya. Da asuba Inna takan tsiyaye ruwan anza, ta zuba sabo. 'Ya'yan itacen nan sai sun yi kwanaki a jiƙe ana canza musu ruwa kafin ɗacinsu ya ragu, kuma ko an dafa su da gishiri da barkono, ɗacin yana nan a maƙogwaro har ka isa lakkwal, wato makarantar boko. Furar da ake damawa ta yi ta sirancewa, wata bayan wata, har ta kai kana iya hango ƙasan ludayi. Da dare garin rogo ne da ɗan mai da lawashin albasa. In an tashi daga lakkwal da tsakar rana nakan ɗauki ƙwaryar fura na gangara fadama. Daga kan tudu duwatsu baƙaƙe ne masu ƙona tafin ƙafa, ba ko ciyawa. Kana gangarowa sai ka ga kore ya shimfiɗu, ka ji injinan ban ruwa suna amsa wa juna daga garka zuwa garka. Aikina shi ne na bi ruwa da 'yar fartanya, na buɗe masa wannan fangali, in ya cika na toshe, na buɗe na gaba. Ban san wani daɗi a shekarar nan da ya kai na ruwan rijiya mai sanyi yana bin tsakanin yatsun ƙafata ba.

Kakana Namata, mahaifin Baba, kullum yana can gindin gawon da ke kusa da rijiya. Maginin rijiya ne tun yana saurayi, rabin rijiyoyin kwarin nan da hannunsa aka gina su. Ya tsufa, amma kafaɗunsa ba su tsufa ba. Da ya hango ni da ƙwarya zai fara:

"Ga amaryata ta iso. Yau ma ruwa kika damo wa angonki, ko an samu ɗan hatsi ya faɗa ciki bisa kuskure?"

"Angon da bai iya cika rumbu ba, ai ruwan ma an yi mishi alheri."

"Ji ta! Ni sakinki zan yi, in auro 'yar Tamaske mai ƙiba."

"Wa za ta yarda da kai, haƙori uku?"

Sai ya yi dariya har haƙoran uku su fito. Da ni yake wannan sakin baki. Da Baba kuwa ko kallon ido ba ya yi. Baba ɗansa ne na fari, kuma mutanen dā ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna sun damu da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Baba a bakin Kaka ba. "Wancan" yake ce masa, ko "yaron ga", ko da yake yaron yana da furfura a gemu. In suna zaune su biyu yana son ya ce masa wani abu, sai ya kira ni: "Ramatu, hwaɗa ma wancan tiyo ya tsage."

Kaka yana da wata fitila, aci-balbal ce ta gwangwani, zaune cikin tsohon kwano mai igiya uku. Ba wanda ya isa ya sauka rijiya a gabansa sai an fara zura ta. Ya ce kakanninsa jan zakara suke yankawa a bakin rijiya kafin a shiga. Shi bisimilla yake yi, amma fitila bai bar ta ba.

"Amarya, cikin rijiya wuta da mutum abincinsu guda ne," in ji shi. "In ta kai ƙasa ta mutu, kai ma in ka bi ta mutuwa za ka yi. In ta tsaya, sauka."

A shekarun da ya yi yana wannan aiki, bai taɓa rasa mutum a rijiya ba, kuma yana alfahari da haka fiye da komai.

Da sanyi ya wuce, zafi ya kama, ruwan rijiya ya fara ja da baya. Kowane mako sai an ƙara wa tiyo tsawo. Daga baya inji ya fara tari, ya tofo ruwa ya tofo iska, don akwai zurfin da in ruwa ya wuce shi, inji ba ya iya zuƙo shi daga sama. Saura mako uku albasarmu ta isa cira. Duk kwarin dabara ɗaya aka yi a shekarar: tunda ruwa ya ƙi hawowa wurin inji, sai a kai inji wurin ruwa. Baba ya sassaƙa gurabe a bangon rijiya, gaba biyar daga sama, ya gitta itace biyu, ya shimfiɗa katako, aka zura inji da igiya aka zaunar da shi a kai. Kaka bai so ba. Ya yi ta zagaya rijiyar yana tsaki. Amma shi ma ya dubi albasar, ya ƙyale.

Kowace safiya Kaka ya zura fitila, ta tsaya, Baba ya sauka ya ja igiyar inji, ya hauro da sauri. In man da aka zuba ya ƙare, inji ya mutu da kansa. Rijiya ta kwana a buɗe, gobe a sake. Kwana goma muka yi haka lafiya.

Ranar Asabar ce, ba lakkwal. Tun safe inji yake aiki, ana gab da azahar sai ya yi tari biyu ya mutu, alhali da sauran mai a cikinsa, kuma rabin fangulan ba su sha ba. Rana tana tsakiyar ka. Ganyen albasa ya fara kwantawa. Wani shuɗin hayaƙi yana tasowa daga bakin rijiya a hankali.

"Buji ne," in ji Baba, yana nufin fulogin inji, yana tuɓe riga.

"Ramatu, ce ma wancan shi dakata hayaƙin ga shi hita."

Muka jira. Baba ya sha fura, ya yi alwala, ya yi salla. Da aka leƙa, hayaƙi ya washe, ana ganin inji sarai, har ana hango ƙyallin ruwa a ƙasansa. Kaka ya kunna fitila ya zura. Na kwanta rub da ciki ina kallonta tana sauka tana juyawa, har ta zauna kan katako. Harshen wutar ya tsaya cak, ko rawa bai yi ba. Kaka ya jawo ta, ya sake zurawa karo na biyu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ta sake tsayawa.

"Ta amince," ya ce.

Baba ya ɗaura igiya a ƙugu, kamar yadda dokar Kaka ta ce, ya sauka. Ɗaya bakin igiyar ya bi ta kan icen da aka gitta a bakin rijiya, yana hannun Kaka. Muryar Baba ta taso da amo, yana cewa a zuro masa tsumma. Na sa a guga na zura.

"Auta, ina ganin kanki kamar ƙwallon goriba!"

"Ni ma ina ganin sanƙonka!"

Na ji dariyarsa, na ji ƙarar ƙarfe. Aikin ya ɗauki lokaci. Can sai ya ce kansa yana sara.

"Hwaɗa mishi shi hito," in ji Kaka.

"Saura kaɗan. Icen ga guda ya goce, injin na son zamewa. Bari in ɗaure shi."

Ban gane abin da yake nufi ba sai da na ga ya kwance igiyar ƙugunsa ya ɗaura wa inji. Kaka yana zaune daga baya riƙe da igiya, bai gani ba, ni kuma ban san abin faɗa ba ne. Bayan ɗan lokaci Baba ya ɗago kai ya tambaye ni ko magariba ta yi. Maganar ta fito a hankali, kamar ta mai barci. Na ce masa rana tsaka ce. Sai ya zauna a kan katako, ya jingina da bango, ya sunkuyar da kai.

"Kaka, Baba ya zauna."

Kaka ya taso ya leƙa.

"Kai! Kai yaron ga!"

Shiru. Ya ja igiya, ya ji nauyin ƙarfe maimakon na mutum. Na ga fuskarsa ta canza. Ya dafa bakin rijiya da hannu biyu, ya cusa kansa ciki, ya buɗe murya:

"Illa! Illa! Illa, ɗana!"

Inna tana can ƙarshen garka tana tsinkar lawashi. Ta gaya mini daga baya cewa ba ƙarfin ihun ne ya sa ta zubar da ƙwarya ba. Sunan ne. Shekara ashirin da wani abu tana gidan, ba ta taɓa jin sa daga wannan baki ba, da ta ji kuwa ta san ba lafiya.

Maza ba su nan. Waɗanda suka sheƙo daga garaken maƙwabta mata ne, su biyar, da Gwaggo Hajo maƙwabciyarmu a gaba, zane a ɗaure bisa gwiwa. Kaka ya riga ya kwance guga, ya ɗaura igiyarta a ƙarƙashin hammatarsa.

"Baba, kai da tsufanka?" Inna ta ce wa Kaka.

"Wa za shi sauka, ke? Ku riƙe. Ku sake ni da sauri, kar ku tausaya min. Ramatu, jawo jaki. Ɗaura mishi wagga igiya. In na ce tahi, ki tahi, kar ki waiwayo."

Ya tsaya a bakin rijiya ya ja numfashi mai tsawo sau uku, haƙarƙarinsa suna buɗewa kamar haƙoran mashaci. Ya riƙe na ƙarshe, ya sauka.

Jakinmu ba ya tafiya sai ya ga dama, duk fadamar an san shi da haka. Na ɗaura masa bakin igiyar da Baba ya sauka da ita, na rungume wuyansa, na yi ta yi masa magana a kunne. Ban tuna abin da na ce masa ba. Na ji wani abu mai nauyi ya faɗa ruwa, ƙarar ta cika rijiya, mata suka yi salati. Inji ne. Kaka ya kwance igiyar daga jikin injin ya ɗaura wa Baba, inji kuwa ya zame ya tafi.

"Tahi!"

Jakin ya tafi. Na ja shi ta tsakiyar fangulan da na yi wata huɗu ina lallaɓawa, muna tattaka albasa, igiya tana kuka a kan ice a bayana. Ban waiwaya ba. Ban ga fitowar Baba ba. Muryar Inna na ji tana cewa, "Tsaya! Tsaya haka nan!"

Da na dawo a guje an shimfiɗe shi a gindin gawo, mata sun koma suna jawo Kaka. Shi ma da ya fito sai ya durƙusa ya yi amai, ya ce numfashi biyu ya sata a ciki, su ne suka yi masa haka. Baba kuwa idonsa a rufe, jikinsa sake. Gwaggo Hajo ta buɗe leɓensa, cikinsa ja kamar ya ci goro.

"Alhamdu lillahi, da jininsa," ta ce. "Mutanen rijiya ne sunka taɓa shi. A kawo garwashi a yi mishi turare, a lulluɓe shi da zane."

Kaka ya rarrafo da gwiwa.

"Hajo, wanda rijiya ta shaƙe sarari yake so. Ku ja da baya. Ku yi mishi hihita."

Aka ja baya. Mai faifai ta kama faifai, mai murfin kwano ta kama, Inna ta cire mayafinta tana kaɗawa. Ni na tsuguna daidai ƙirjinsa. Ban taɓa lura da cewa ƙirjin mutum yana hawa yana sauka ba sai ranar. Nasa yana ɗagawa kaɗan, kamar fuka-fukin tattabarar da ta gaji, ya tsaya, na ce shi ke nan, sai ya sake ɗagawa. Haka aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, daga can mota ta kai shi Madawa. Inna ta ce an rufe masa hanci da baki da wata roba, an haɗa da dogon tulun ƙarfe mai iska, ya kwana ya yini a haka kafin ya buɗe ido ya tambaye ta ko an ƙarasa ban ruwa.

Kwana huɗu ya yi. Ya dawo yana tafiya kamar sa'an Kaka, ciwon kai bai bar shi ba har tsawon makonni, wani lokaci yakan nemi sunan abu kamar fartanya ya rasa. Kaka kuwa ya rataye fitilarsa a bangon ɗaki, bai sake taɓa ta ba. In an zo neman sa duba rijiya sai ya ce ya bari. "Ta yi min ƙarya sau guda," yake cewa, "kuma da ɗana ta yi."

Sai da na shiga makarantar aikin jinya a Tawa na san abin da ya faru a gaba biyar ɗin nan. Da hutu na zo gida na zauna kusa da Kaka da littafina. Na ce masa iskar da muke shaƙa tana shiga huhu, ta rarrabu cikin wasu 'yan jakunkuna ƙanana da ido ba ya gani, jini kuma yana wucewa ta jikinsu. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, kamar jakunan fatake. A huhu ake yi musu lodin abin da jiki yake ci daga iska, oksijin sunansa, su kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da kowane yatsa. A dawowa jini ya kwaso gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita, a fitar da ita ta hanci. Mugunyar iskar da ya sani a tsofaffin rijiyoyi, mai nauyi ce, tana kwanciya a ƙasa ta kore mai kyau, shi ya sa take kashe wuta ta kashe mutum. Amma a hayaƙin inji akwai wata daban, ba ta da launi ba ta da wari, tana nan ko bayan shuɗin hayaƙin ya tafi. Kaɗan daga cikinta ya isa. Ba ta hana wuta ci. Ita bayan jakunan nan take hayewa ta zauna daram ta ƙi sauka, sai su yi ta zagaya jiki da kayan banza, jini ja wur, mutum yana numfashi amma yunwar iska tana kashe shi. Da safe Baba yana sauka lafiya don rijiya ta kwana tana hucewa. Ranar nan kuwa inji ya yini yana cika ta.

Kaka ya ɗaga kai ya dubi fitilar da ke rataye a bango.

"Wato iska na nan, hanya ce anka tare mata."

"Haka ne."

"To ashe ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta sani anka tambaye ta, ta hwaɗi." Ya share ido da gefen rawani. "Amarya, kin yi karatu. Na fasa sakinki."

Yanzu in ka gangara fadamarmu da wuya ka ji ƙarar inji. Farantai masu shan rana ne jere a kan ƙafafun ƙarfe, famfon yana can cikin ruwa yana aiki shiru, ba mai sauka. Kaka bai daɗe da ganin farkonsu ba Allah ya karɓi abinsa.

Amma duk wannan daga baya ne. A waccan bazara inji yana ƙasan rijiya, albasa tana saura mako biyu, kuma da guga muka ƙarasa. Ni da Inna tun sanyin safiya muke ja, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yi. Matan nan biyar kowace in ta gama nata sai ta zo ta ja mana guga ashirin ko talatin, Gwaggo Hajo tana ja tana mita cewa da an bar ta ta yi turarenta da tuni ya miƙe. Duk da haka ruwan guga ba ya kai na tiyo. Fangulan nesa suka bushe, waɗanda na tattaka da jaki suka ruɓe. Abin da muka cira ƙanana ne, kuma ko rabin abin da aka sa rai bai kai ba.

Albasa ba ta yi ba. Kowa a gidan ya san abin da wannan yake nufi, ba wanda ya furta. Ranar da kamiyo ta zo lodi, na dawo daga lakkwal da rana na tarar da jakar Baba a ƙofar ɗaki, an ɗaure ta da tabarmar salla a sama. Shi yana zaune a inuwar zaure yana haki, don ɗaurin jakar kawai ya gajiyar da shi. Inna tana tankaɗe abin da ba ya bukatar tankaɗe. Na tsaya da allona a hannu.

Kaka yana gefe yana murza igiya a cinya. Bai ɗago ba.

"Ramatu."

"Na'am."

"Hwaɗa ma wancan, rijiya na son yasa kahin ruwa shi sauka, ga inji kwance cikinta. Ni zan shiga. Amma ba ni yarda mata su sake riƙe min igiya, Hajo ta kusa karya min baya. In ya tahi, wa za shi riƙe?"

Na juya wurin Baba, na buɗe baki zan maimaita.

"Na jiya, Auta," ya ce. Ya dubi jakar. "Mi za mu ci?"

Inna ta amsa ba tare da ta bar tankaɗen ba. Ta ce an fara aikin jera duwatsu a kan fako don tare ruwa, ana biyan masu yi da hatsi, ta riga ta sa a rubuta ta. Yayyena kuma sun aiko daga Abijan cewa sun samu aiki. Za a sha furar ruwa har damina, ba yau aka fara ba.

Daga bakin kasuwa kamiyo ta yi oda, doguwa, ta sake yi. Baba ya saurara har ta yi shiru. Sannan ya miƙa hannu ya zare tabarmar salla daga kan jakar, ya shimfiɗa ta, ya gyara zama a kai.

"Auta, tambayi kakanki. Wancan wa yake nuhi? Don ni ranar nan cikin rijiya, kamar na ji ina da suna."

Hannun Kaka ya tsaya a kan igiya.

"Ce mishi ba ya cikin hankalinsa ranar. Bai ji komi ba."

"Har sau uku na ji."

"Hajo ce."

Inna ta kifa fuska cikin rariya. Baba ya fara dariya, dariyar ta zama tari, ya dafe ƙirji, muka yi tsit muna kallonsa. Tarin ya lafa. Ya jingina da bango, ya ja numfashi dogo har ƙasan cikinsa, ya sake shi a hankali.

"Shigar da jakar ga ɗaki," ya ce mini. "Rana na dukanta."